Yadda za ka sa wa motarka waks ya daɗe a ƙurar Kumasi da ruwanta

Gwangwanin waks, wato kakin da ake shafa wa fentin mota don kariya da sheƙi, zai ce maka wata shida, wani ma ya ce shekara guda. Motar da ke kwana a waje a Aboabo ko Asawase, ta yini cikin rana a Kejetia, ranar Asabar kuma a wanke ta da omo a wurin wankin mota, da wuya ta kai rabin abin da aka rubuta. Galibi gwangwanin bai yi laifi ba. An shafa shi ne a kan fenti mai datti, aka lafta shi da yawa, sannan aka bi shi da sabulun da ke cinye shi.

Fara da sanin abin da kake karewa. Fentin mota na kamfani hawa-hawa ne: firaima a ƙasa, launi a tsakiya, sai fatar sama mai garai-garai da masu fenti ke kira kiliya. Kaurin kiliya bai wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, wato kusan rabin kaurin takardar rubutu. Ita ce ke ba mota sheƙi, ita ce kuma ke tare rana. Idan ta fara ɓarewa a rufi da bonet kamar saɓar maciji, babu waks ɗin da zai dawo da ita, sai sabon feshi.

Maganar feshi kuwa, motoci da yawa a garin nan sun sauka a tashar Tema da rauni a jiki, aka gyara su aka fesa musu fenti a Magazin ta Suame, unguwar makanikai ta Kumasi. Sabon fenti yana ci gaba da fitar da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, na tsawon makonni. Idan ka rufe shi da waks da wuri, sheƙinsa na iya dushewa. Ka jira kwana 30 aƙalla, wasu fentin har kwana 90, kuma wanda ya fesa shi ya fi kowa sanin irin wanda ya sa, don haka ka tambaye shi.

Wanne za ka saya

Waks na asali ana yin sa da kakin karnoba, wanda ake kankarowa daga ganyen wani irin giginya da ke arewa maso gabashin Brazil. Yana ba baƙar mota da ja wani sheƙi mai zurfi kamar an jiƙa ta, amma a zafinmu mako huɗu zuwa takwas yake yi. Kakin kansa sai ya haura digiri 80 yake narkewa, sai dai mayukan da aka cakuɗa shi da su ba sa jure haka, ga bonet ɗin baƙar mota da tsakar rana yana iya kai digiri 70. Wanda motarsa ke kwana a gareji, yake kuma jin daɗin shafawa duk wata, to ya saya.

Ga motar da ke aiki kullum, silan ya fi, wato waks ɗin da aka haɗa da sinadaran roba maimakon kakin itace zalla. Collinite 845 na Amurka, wanda asalinsa don kayan layin wutar lantarki aka yi shi, yana iya kai wata huɗu zuwa biyar idan an shirya fentin da kyau. Fusso Coat na kamfanin Soft99 na Japan yana da'awar wata 12, kuma yana zuwa kala biyu, na motoci masu duhu da na masu haske. A nan ka sa rai da wata shida zuwa takwas, hakan ma ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma na feshi masu ɗauke da silika, irin Hybrid Solutions na Turtle Wax, waɗanda suka fi sauƙin aiki ga mai koyo. Ka duba hatimin murfi da rubutun jikin kwalba, don kayan jabu ba su bar wannan kasuwar ba ita ma.

Lokacin shafawa a bayyane yake ga mai lura da yanayi: sau ɗaya a Nuwamba kafin hunturu ya sauko da ƙurarsa, sau ɗaya a Maris kafin damina ta kankama. Idan abin da ka saya ba ya kai wata shida, ƙara na uku a Agusta, lokacin da ruwa ke ɗan tsagaitawa.

Wanki da gyaran fenti

Ka ware yini guda. Nemi inuwa mai rufi, ban da gindin mangwaro ko darbejiya, don danƙonsu da kashin tsuntsu za su ɓata maka aiki kana tsaye. Ɗora bayan hannunka a kan bonet. Idan da zafi, jira ya huce.

Watsa ruwa daga sama zuwa ƙasa har jar ƙasar ta sauka kafin hannu ya taɓa fenti. Bokiti biyu za ka ajiye: ɗaya da lita 10 na ruwa da shamfun mota kamar cokali biyu na cin abinci, ɗaya da ruwa zalla. Duk lokacin da ka gama ƙofa ɗaya, ɗauraye safar wankin a ruwa zalla, ka matse, sannan ka koma kumfa. Taya da ƙasan ƙofofi su zo ƙarshe, da wani soso daban. Ɗigon kwalta a gefen mota yana fita da ɗan kananzir a tsumma mai laushi, amma ka sake wanke wurin da shamfu nan take, don waks ba ya kama inda maiƙo yake.

Yanzu sa hannunka cikin siririyar leda, irin ta ƙulla sukari, ka shafa bonet a hankali. Idan ka ji gurzi-gurzi kamar yashi, akwai abin da ya nutse cikin kiliya wanda wanki ba ya cirewa. Motar da ta taɓa kwana a Magazin kusan kullum tana da shi: ƙurar ƙarfe daga girandin da walda, da ɓurɓushin fentin da aka fesa wa motar da ke kusa. A farar mota za ka gan shi kamar ɗigon tsatsa ƙanana. Akwai maganin feshi na cire ƙarfe, wanda ke komawa shunayya idan ya haɗu da shi. Fesa, bar shi minti uku zuwa biyar, ka ɗauraye kafin ya bushe.

Sauran kuma aikin yumɓun mota ne, wani yumɓun roba da ake sayarwa don tsince dattin da ya nutse a fenti. Sanda mai giram 100 ka raba ta uku, ka murza ɗaya a tafin hannu har ya yi faɗi kamar ƙaramar waina. Jiƙa wurin sosai da ruwan shamfu, ka zame yumɓun gaba da baya ba tare da dannawa ba. Da farko za ka ji yana kartawa, can sai ya yi shiru ya riƙa sulɓi, to wurin ya yi. Ninke shi ka fito da fuska mai tsabta kafin ka matsa gaba. Idan ya faɗi ƙasa, jefar da shi. Tsakuwa ɗaya da ta maƙale a ciki za ta zana maka ƙofa daga sama har ƙasa, shi ya sa aka ce a raba shi uku tun farko.

Mutane na haɗa folish da waks kamar abu ɗaya ne, alhali folish yana kankare ɗan kaɗan daga kiliya don ya share zane, waks kuma rufi yake yi. Idan ka haska tocilan ka ga zane-zane kamar yanar gizo-gizo, yi folish mai laushi sau ɗaya: ɗigo uku zuwa huɗu a kan soso, fili kamar kamu biyu a kamu biyu. Kada ka daɗe a kan gefe da lanƙwasa, nan fenti ya fi siranta. Idan launin motar ya fito a jikin soson, fentin ba shi da kiliya, kamar yadda ake samu a wasu tasi da tsofaffin motoci, sassauta hannu. Kwamfawun mai kaushi kuwa, wato folish mai ƙarfin kankara, wanda ake yi wa mota duk sallah don ta yi ƙyalli, shi ke ƙarar da kiliya cikin 'yan shekaru.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne goge maiƙon da folish ya bari. Nemi sifirit ɗin da aka rubuta IPA a kwalbarsa, mai kashi 70, ka haɗa awo ɗaya da awo uku na ruwan batir, wato tataccen ruwa zalla, ba asid ba. Fesa a tawul, goge fanel ɗaya, bi da busasshen tawul. Silan yana son ya kama kiliya tsirara. Idan ya hau kan mai, ruwan sama biyu ko uku sun isa su tafi da shi.

Shafawa

Manna tef ɗin masu fenti a kan baƙar robar gefen gilashi da ta bamba, don waks yana barin farin tabo a kanta. Idan ya riga ya taɓa, robar goge fensir tana cire shi.

Motar da ta kai girman Corolla ba ta cin fiye da cokali biyu na waks mai ruwa. Girgiza kwalbar sosai. Ɗigo uku a kan soso sun isa rabin bonet. Na gwangwani kuma, murza soson sau ɗaya a kai ya wadatar. Shafa a miƙe, layi kan layi, siriri har sai ka karkata kai kafin ka gan shi. Abin da ya taɓa fenti kaɗai ke kamawa, duk abin da ya hau sama da shi a tawul zai ƙare, bayan ya wahalar da kai wajen gogewa ya bar shati-shati. Fusso Coat musamman, idan ka lafta shi ya bushe, sai hannunka ya gaya maka.

Bar shi minti biyar zuwa goma sha biyar ya yi hazo. Ja yatsa a kai: idan layin ya fito fes, goge, idan ya yi damo-damo, ƙara jira. A damina, da iska ke cike da laima, yakan ɗauki lokaci fiye da na hunturu. Goge da tawul ɗin maikurofaiba da aka ninke huɗu, kana juya fuska, ka tanadi kamar guda shida. Tsohuwar singileti da tawul ɗin wanka suna zana fenti, komai laushinsu a hannu.

Daga nan mota ta kwana a ƙarƙashin rufi, awa 12 zuwa 24 ba ruwa ba raɓa. Raɓar asubar Kumasi kaɗai ta isa ta raunana silan ɗin da bai gama kamawa ba. Washegari kana iya ƙara hawa na biyu don cike inda hannu ya tsallake. Na uku ɓarna ce. Mai son sheƙin karnoba ya ɗora shi a kan silan, kada ya juya tsarin, don silan ba ya kama kan kaki.

Akwai kuma siramik, wani rufin kariya mai tauri. Na ƙaramar kwalba mai mililita 30 yana iya kai shekara biyu, amma ba ya yafe kuskure. Ana shafa shi fili kaɗan-kaɗan, a jira ya fara nuna launin bakan gizo, a goge da tawul biyu. A zafi da laima irin namu wannan jiran na iya zama ƙasa da minti ɗaya. Inda ka manta ba ka goge ba zai daskare ya zama tabo mai duhu, sai folish zai cire shi. Yana buƙatar ɗaki marar ƙura, safar hannu, takunkumi, awa 24 ba ruwa, mako guda ba sabulu. Wanda ba shi da gareji ya tsaya kan silan. Siramik kuma ba ya tare tsakuwar hanyar Tamale ko makullin yaro; wannan aikin leda mai garai-garai ce da ƙwararru ke mannawa a gaban mota.

Bayan an shafa

A hunturu mota takan wayi gari da farar ƙura, hannu kuma yana ƙaiƙayin ɗaukar tsumma. Ƙurar nan akwai ɓurɓushin yashi a cikinta wanda ya fi kiliya tauri, goge ta a bushe daidai yake da bin fenti da samfefa. Watsa ruwa, ko ka bar ta har ranar wanki. Rigar mota ma, idan aka lulluɓa ta a kan ƙura iska na kaɗa ta, ita ce ke zana rufi da kusurwoyi.

Kashin jemage yana saurin cin fenti, kuma duk mai ajiye mota kusa da gidan zu ya san yawan jemagun wurin. Yana da tsami, ga 'ya'yan itatuwa a ciki masu kartawa, rana kuma tana gasa shi cikin awoyi. Ajiye kwalbar ruwa da tawul a but. Jiƙa tawul, ɗora a kai minti biyar, ɗaga shi sama ba tare da murzawa ba.

Ruwan bohol yana barin zobe-zoben gishiri idan ya bushe a rana, don haka tsane mota da tawul da zarar an ɗauraye. Idan zoben ya riga ya zauna, binega da ruwa awo ɗaya-ɗaya suna narkar da shi, sai dai suna tafiya da waks ɗin wurin, sai ka sake shafawa.

Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su narkar da maiƙo, waks kuma danginsa ne. Idan za ka kai wanki, tafi da shamfunka da safarka da tawul ɗinka, ka ce wa yaron wurin: "Ƙanena, don Allah da wannan za ka wanke min, soson taya kuma kada ya hau jiki." Ɗan ihsani a kai yana sa ya tuna da motarka a zuwa na gaba.

Don ka san ko waks na nan, wanke motar tukuna, don datti kan hana ruwa taruwa ko da kariyar ba ta ƙare ba. Sannan zuba ruwa a bonet. Idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangara, akwai sauran kwana. Idan ya shimfiɗe ya kwanta, lokaci ya yi. Rufi da bonet da saman but ne ke fara mutuwa saboda su rana ke duka kai tsaye, kuma ana iya sabunta su su kaɗai a bar ƙofofi sai zagaye na gaba.