Malti ko feda: kurakuran da na gaji da gani a hannun sababbin makaɗan jita

A cikin watan nan kaɗai samari uku ne suka tare ni bayan an tashi daga kiɗa, kuma dukkansu tambayar ɗaya ce: "Oga, malti zan saya ko in riƙa tara feda ɗai-ɗai?" Duk wanda na tambaya a ina yake kiɗa, kuma cikin me yake jona jitarsa, sai ya hau sosa ƙeya. Ya kalli bidiyon wani Bature a ɗakinsa mai sanyi, wutarsa ba ta ko ƙiftawa, ya yanke hukunci. Mu kuwa a filin biki muke kiɗa, da janaretan haya, da miksa (na'urar haɗa sautuka) da ta sha duniya.

Ga wanda bai saba ba, feda ƙaramin akwati ne da ake takawa da ƙafa, aikinsa ɗaya tak. Wata tana sa sauti ya yi gurnani, wata tana maimaita shi kamar amsa-kuwwa, wata tana ba shi faɗi kamar kana cikin babban zaure. Kamfanin Boss na Japan ya fara fito da ƙananan fedojinsa a 1977, kuma DS-1 ɗin nan mai ruwan lemo da ya fitar a 1978 har yau ana ƙera ta. Malti kuwa komai-da-ruwanka ne, ƙaramar kwamfuta ce mai kwaikwayon fedoji da dama, har da amfilifaya da sifikarta. Jar POD ta kamfanin Line 6, mai siffar ƙwayar wake, wadda ta fito a 1998, tana cikin waɗanda suka sa mutane suka fara ɗaukar abin da muhimmanci. Kowanne na yin aiki, kuma na ci abinci da kowanne. Abin da ke kashe wa yara kuɗi ba ya cikin wannan gardamar.

Kuskure na farko, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi ne na wuta. Na taɓa tara kuɗin biki uku cur na sayi fedar eko, wato mai amsa-kuwwa, 'yar Kwatano amma tas da ita. Kwana tara ta yi a hannuna. Ranar da abin ya faru muna sauri, magariba ta kawo jiki, na zura hannu a jaka na zaro adaftar da ta fara zuwa hannuna. Bakinta ya shiga daidai, an rubuta 9V a jikinta, me kuma ya rage? Na jona. Fitilar fedar ta kawo sau ɗaya ta ɗauke, sai wani ƙauri ya taso kamar an ƙona leda. Mai ganga ya leƙo ya ce, "Wa ke toya roba?" Adaftar tsohon maltina ce, kuma wuta irin ta AC take bayarwa, fedar kuwa irin ta DC take ci. Harafi biyu ne ban karanta ba. Na kai wa mai gyara, ya buɗe, ya shinshina, ya mayar da murfin ya ce Allah ya mayar da alheri.

To ku saurara, don ba zan gaji da faɗa ba. Shigar bakin adafta ba ya nufin komai. Abu huɗu ake dubawa. Na ɗaya, volt ya zo daidai: fedar volt 9 ba a ba ta 12. Na biyu, AC ce ko DC. Yawancin fedoji DC suke ci, amma wasu tsofaffin kayan Line 6 kamar POD ta farko da koriyar DL4 da AC suke zuwa, kuma irin adaftocinsu na nan suna yawo a kasuwar gwanjo. Na uku, ɗan zanen nan da ke nuna ko tsakiyar bakin negatif ne ko fozitif. Boss da mafi yawan masu ƙera feda tsakiya negatif suke yi. Adaftar dikoda da ta na'urar intanet ta gida, wadda yara ke zarowa daga bayan talabijin, galibi volt 12 ce kuma tsakiya fozitif, wato ta saɓa ta fuska biyu. Na huɗu, miliamfa, wato yawan wutar da na'ura ke ja, kuma nan kaɗai aka yarda adafta ta fi abin da ake buƙata, don feda iya cikinta take ja. Fedar gurnani irin DS-1 ba ta wuce miliamfa 10 ba, amma manyan fedojin dijital na neman 250 zuwa 300, kuma maltin HX Stomp na Line 6 da adafta mai amfa 3 take zuwa. Ka ba ta ƙaramar adafta ta riƙa mutuwa tana tashi, ka ce an sayar maka da jabu.

Akwai kuma kayan da suka fito daga Amurka. Wutarsu volt 120 ce, tamu 220 zuwa 230. In ba ka ga an rubuta 100-240V a jikin adafta ba, kada ka kusantar da ita soket ɗinmu. Ni dai tun daga ranar ƙaurin nan kowace adafta tawa na naɗe ta da farin salatif na rubuta sunan na'urarta da biro, sannan wadda ke ba da AC na ɗaura mata jan zare na ware mata aljihunta daban. Yaran ƙungiya suna mini dariya, wai na mayar da jaka kantin magani. Su yi ta yi.

Sannan in za a tayar da inji ko a juya layi daga wutar gari zuwa janareta, zare kayana nake yi daga soket sai wuta ta zauna. A nan malti yana da rauni guda: kwamfuta ce, in wuta ta ƙifta sai ya ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin ya farfaɗo, kai kuwa kana tsaye riƙe da jita amarya na rausaya ba sauti. Shi ya sa nake ce wa mai kiɗan fili ya nemi wanda ke cin batir. Boss GT-1 da Zoom G1X Four batir huɗu irin na rimot babba suke ci, ME-80 shida, kuma Zoom ɗin har da fawa-bank ta USB yana tashi. Wannan ya fi mini amfani a kan a ce mini na'ura na da sauti ɗari biyu.

Kuskure na biyu ni ma na tafka shi, a gaban jama'a kuwa. Lokacin da na sayi malti na farko mai ɗan kyau, mako biyu na yi ban yi barcin kirki ba. Dare ya raba, na toshe kunne da hedfon, ina ta gina firiset, wato saitin sauti da ake adanawa a cikin malti. Na gina kusan talatin, kowanne da sunansa. A kunnena kamar a situdiyo. Ranar Asabar muka je wata dina a babban ɗakin taro, na jona maltin a gaban amfilifayar da masu kayan sauti suka kawo. Tun waƙar farko na ji jitar kamar an lulluɓe ta da bargo. Na ƙara murya, ba ta fito ba. Da aka zo shigowar ango da amarya, lokacin da zan yi 'yar bajintata, na taka firiset na gaba. Ashe ya ninka na baya ƙarfi. Sifika ta ƙwalla wata irin ƙara, wata Hajiya a teburin gaba ta dafe kunne biyu tana salati, mai gabatarwa ya juyo ya harare ni da makirfo a hannu. Shugaban ƙungiyarmu bai ce mini uffan ba sai a mota, inda ya ce, "Ƙanena, gobe ka zo da wayarka kawai, ka bar mana kwamfutar a gida." Biki biyu aka yi ba a kira ni ba.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka kayar da ni, kuma su nake gani kullum a wurin yara. Na farko, na bar kwaikwayon amfilifaya da na sifika a kunne, sannan na shigar da su cikin amfilifaya ta gaske. Sifikar jita da ma tana yanke sautin sama, daga wajen kilohaz 5 abin ya fara dusashewa. In malti ya yanke sau ɗaya, sifikar gaske ta sake yankewa, ga bargonka nan. Kusan kowane malti yana da wurin da ake gaya masa inda za a jona shi, ko miksa, ko hedfon, ko gaban amfilifaya. Ba wanda ke buɗe wurin, don ba wanda ke karanta takardar da ta zo cikin kwali. Na biyu, kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin ƙasa da na sama sosai in murya ta yi ƙasa, abin da masu bincike Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Abin da ka gyara a hankali cikin dare, in aka ɗaga shi a fili sai ƙasan ya yi ruri, saman ya yi tsini. Na uku, ban daidaita ƙarfin firiset ɗin da juna ba.

Yanzu firiset iri huɗu gare ni, ba ƙari. Ɗaya wankakke, ɗaya mai ɗan gurnani, ɗaya na lokacin da jita za ta yi magana ita kaɗai, ɗaya mai eko da yawa don waƙoƙin sanyi. A wurin gwaji nake saita su, mai ganga na duka da ƙarfinsa, ba a ɗaki ba. Kuma kowanne ina da shi kashi biyu, na miksa da na amfilifaya. Firiset ɗin da kamfani ya zubo kuwa, don su burge ka a shago aka yi su, an cika musu gishiri. Share su, ko ka rage ekon da gurnanin da rabi.

Kada masu feda su yi dariya, don nasu ya fi muni. Sau nawa na ga yaro ya jona fedar gurnani kai tsaye cikin miksa, ba amfilifaya ba komai, sauti na fita kamar an kulle zuma a gwangwani, shi kuma yana ta zagin mai miksa? An ƙera fedar ne don ta bi ta sifikar jita. In ba ka da amfilifaya, kuma inda kake kiɗa, coci ne ko ɗakin biki, miksa kawai ake miƙo maka, to ka daina wahalar da kanka, malti ne naka. Wannan ita ce amsar da nake ba mutum bakwai cikin goma, kuma ba sa son jin ta, don allo cike da fedoji masu launi ya fi kyau a hoto.

Kuma ku daina cewa feda ta fi araha. Guda ɗaya ce ta fi araha. Lissafa biyar, ka ƙara gajerun wayoyin da ke haɗa su, da abin ba su wuta, da allon da za a kafa su, da jaka, sannan ka zo mu yi magana. Inda feda ta yi zarra shi ne ranar sayarwa. Malti kamar wayar hannu yake, sabo na fitowa tsohon ya faɗi. Fedar gurnani Tube Screamer ta Ibanez kuwa, da aka fara yi tun ƙarshen shekarun 1970, ko ta kwarzane za ka samu mai so. Sannan in feda ɗaya ta mutu a tsakiyar kiɗa sai ka zare ta ka ci gaba, malti in ya mutu ya tafi da kowa.

Sauran ƙanana ne, amma su ma suna ci mini tuwo a ƙwarya. Barin waya a ramin shigar feda bayan an tashi yana shanye batir kafin safiya. Haɗa fedar dijital da ta gurnani a kan adafta ɗaya mai rassa yakan kawo wani siririn kuka, a raba musu wuta. Eko a gaban gurnani yana dagula komai, ni jerina shi ne na'urar saita tsirkiya, sai wa-wa (sunanta ke nan, ba zagi ba ne, haka take sa jita ta riƙa kuka), sai gurnani, sai koras mai sa jita ɗaya ta yi kamar biyu, eko a ƙarshe. Kafin ka ce feda ta lalace, canja gajeriyar wayar, sau da yawa ita ce. Lokacin hunturu ƙura na shiga maɓallai su fara ƙarar-ƙarar, ni tsohon tawul nake rufawa ko da minti goma za mu tafi cin abinci. Mai malti kuma ya kwafe firiset ɗinsa a kwamfuta, ko ya rubuta lambobin a littafi, don akwai ƙanin da zai zo ya danna abin da bai sani ba.

Akwai kuma masu zuwa da hoton allon wani shahararren makaɗi, wai irin sautin 'yan Agadas suke so, a faɗa musu fedar da za su saya. Nakan karɓi jitar yaron in ga tsirkiyar ta yi tsatsa, ta shekara ba a canja ba, kuma saitinta ma bai zauna ba. Sayi sabuwar tsirkiya tukuna, ka koyi yadda yatsun mutanen nan ke gudu a kanta, sannan mu zo kan akwati.

In kana son sanin abin da ke gaban ƙafata yau, ƙaramin malti ne mai cin batir, shi ke ba ni eko da koras da saita tsirkiya, sai fedar gurnani guda ɗaya a gabansa, don ina son in sunkuya in murɗa da hannu ba tare da na shiga lalube a allo ba. Masu tsattsauran ra'ayi na ɓangarorin biyu duk sun ce na yi haɗin gambiza. A aljihun jakar akwai batir takwas sababbi, da doguwar waya guda ta ajiya wadda zan jona kai tsaye in komai ya ƙi. Konanniyar fedar ekon nan ma tana nan a kan tagar ɗakina, da ita nake danne takardun kuɗin wuta.