Kafin Ka Ce Lamba Firam Ce, Tsaya Ka Raba

Duk shekara sai na rubuta 4,294,967,297 a allo, in tambayi sabbin ɗalibai ko firam ce, wato wadda ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Kuma duk shekara amsar ɗaya ce: "Malam, firam ce." Hujjarsu? Ta ƙare da 7, don haka 2 da 5 ba sa raba ta. Alƙalumanta in an tara 59 ne, 3 kuwa ba ta raba 59, ke nan 3 ma ta fita. Shi ke nan, sun ajiye biro.

Wannan ragwanci ne, kuma shi ya fi ƙona min rai. Gwajin 2 da 3 da 5 share fage ne kawai. 91 ta tsallake duka ukun, amma 7 sau 13 ce. 2,047 ma haka, 23 sau 89 ce. Na taɓa kai yara gasar lissafi, a kan 1,001 aka kore mu. Yaron da na fi dogara da shi ya miƙe da ƙarfinsa ya ce firam ce, alhali 7 da 11 da 13 duk suna raba ta. Abin da nake sa su yi tun daga nan shi ne su jera firam a gefen takarda, su yi ta rabawa ɗaya bayan ɗaya har su iso wadda in an ninka ta da kanta ta wuce lambar. A kan 2,047, da sai ka kai 43 ba wadda ta raba ta kafin ka sami bakin cewa firam ce.

Waccan ta allo kuwa, 641 sau 6,700,417 ce. Fermat, masanin Faransa, ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk firam ne, sai ya zaci duk jerin haka yake. A jerin nan, in ka cire 1 daga lamba, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka ƙara 1, sai ka sami ta gaba, kuma ta allon ita ce ke bin 65,537. Euler, masanin lissafi ɗan Switzerland, shi ya gano tana rabuwa a 1732. In misali biyar sun ruɗi Fermat, kai da misalanka biyu me kake taƙama da shi?

Sai kalkuleta. Mai gurbi goma, in ka raba lambar nan da 3, 1431655766 zai iya nuna maka cif, don ba shi da wurin sa ragowar. Ninka amsar da 3 ka gani: 4,294,967,298 za ta fito, ta zarce da ɗaya. Ni ba na karɓar rabawar da ba a mayar da ita ta ninkawa ba.

1 ba firam ba ce, ku daina sa ta. 2 firam ce duk da tana rabuwa biyu daidai. Tara alƙaluma na 3 da 9 ne, ba ya aiki a kan 7. Na 4 kuma, alƙaluma biyu na ƙarshe ake dubawa, ba ɗaya ba.