Yadda Ake Gwada Tasirin Jerin Kalmomi a Kan Ma'anar Jimla

Ɗalibin nahawu a Sakkwato da yake son sanin ko sauya jerin kalmomi yana taɓa ma'ana, sai ya fara da gajeriyar jimla mai aikau (mai yin aiki) da aikatau (kalmar aikin) da karɓau (abin da aikin ya faɗa wa), kamar "Manoma sun kawo albasa". Ya rubuta a gefe guda wane ne ya yi aikin, me kuma aikin ya faɗa wa, domin wannan shi ne sharaɗin da jimlar za ta zama gaskiya a kansa. A kan irin wannan sharaɗi masanin ma'anar harshe Richard Montague ya gina nazarinsa a shekarun 1970, inda kowace ƙa'idar ginin jimla take tafe da ƙa'idar ma'ana da ta dace da ita.

Daga nan sai ɗalibin ya jawo karɓau zuwa gaba: "Albasa ce manoma suka kawo". Ya lura cewa dirka, wato "ce", ta shigo, "sun" kuma ta koma "suka", ko "sunka" a bakin Basakkwace. Sharaɗin gaskiya bai motsa ba. Abin da ya ƙaru shi ne jaddadawa, wato albasa ce, ba gero ba.

Wanda ya taso a makarantar zaure yana da sauƙin gane mataki na gaba, domin ya san cewa a Larabci li'irabi, wato alamar ƙarshen kalma, shi ne yake bambanta fa'ili (aikau) da maf'uli (karɓau): ko an ce "daraba Zaidun Amran", ko "daraba Amran Zaidun", Zaidu ne dai mai dukan. Haka lamarin yake a Latin, da kuma harshen Warlpiri na Ostareliya wanda masanin harshe Ken Hale ya yi bayaninsa a 1983. Hausa ba ta da wannan alama a ƙarshen suna, saboda haka "Amru ya doki Zaidu" a maimakon "Zaidu ya doki Amru" ta juya zancen baki ɗaya.

A ganina gwajin da ya fi amfani shi ne na kalmomin adadi. A kwatanta "Kowane ɗalibi ya karanta littafi ɗaya" da "Littafi ɗaya ne kowane ɗalibi ya karanta". Ta farko tana iya zama gaskiya ko da kowa da nasa littafin, ta biyu kuwa ta fi karkata ga littafi guda da duka suka yi tarayya a kansa. A karanta wa masu magana da harshen jimlolin biyu, a tambaye su littafi nawa ke nan, a rubuta amsar kowa daban.