Yadda na shawo kan kumburin ƙafa da safar matsi

Tsayuwar yini a shagona na Agege ta sa ƙafafuna suna kumbura, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Na sayi safar matsi, wato doguwar safa mai matse ƙafa don rage kumburi, a kasuwa ba awo, sai ta naɗe ƙarƙashin gwiwa tana shaƙe ni kamar igiya.

Da na je asibiti, likita ya fara auna gudun jini a ƙafar, domin mai toshewar jijiyar da ke kai jini ƙafa, safar illa take masa. Mai ciwon suga ma sai an duba shi. Aka auna idon sawu da sha-raɓa, aka rubuta mini daidai ni.

Yanzu bayan alwalar asuba nake sa ta, kafin ƙafa ta kumbura, in cire da dare. Zafin Legas kam akwai, amma kumburin ya sauka, alhamdu lillahi.