Ruwan Tankin Kifi Ya Koma Kore: Kurakuran da Aka Fi Yi da Fitilar UV

Sau uku cikin wata guda na kwashe ruwan tankin kifina na zuba sabo, a gidanmu da ke Aboabo, kuma sau ukun bai kai mako ba ya sake komawa kore shar kamar miyar ayoyo. Kifin yana ciki amma sai ya matso jikin gilashi kake ganinsa. Wannan shi ne kuskuren da kusan kowa ke farawa da shi, domin abin da ya rina ruwan ba datti ba ne. Gansakuka ce mai rai, ƙwaya ɗai-ɗai da ido ba ya gani, tana yawo a cikin ruwa tana rabuwa gida biyu. Ƙanƙantarta ta sa take wucewa ta cikin soson matata, wato na'urar tace ruwan tanki, kamar babu shi. In ka zubar da rabin ruwan, wadda ta rage ta samu sarari da ƙarin haske, sai ta cike gurbin cikin 'yan kwanaki.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, ɗebi ruwan a farin kofi ka duba. In kore ne, gansakuka ce, ita ake kashewa da fitilar UV, mai fitar da wani haske da ido ba ya gani. In fari-fari ne kamar an ɗiga madara, wannan ƙwayoyin bakteriya ne, an fi ganinsa a sabon tanki, kuma yakan washe da kansa. In kuwa ruwan kofin garau yake, koren a jikin gilashi da duwatsu ya manne, to fitilar UV ba za ta yi maka komai ba, abin da ya ratsa ta gabanta kaɗai take kashewa. Wannan aikin soso ne da hannu.

Sai batun saye, inda aka fi asarar kuɗi. Hasken UV kashi-kashi ne. Wanda ke aikin nan shi ne UV-C, mai tsawon zango nanomita 254, wanda ke lalata ƙwayar halittar gansakuka ta kasa haihuwa. Fitilar nan mai haske shuɗi-shuɗi da ake duba takardun kuɗi da ita UV-A ce, tsakanin nanomita 365 zuwa 395, ko shekara ta yi a kan tanki ruwan ba zai washe ba. Na gaskiyar a rufe take cikin bututu baƙi, ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can. Ga tankin lita 100 zuwa 150, mai wat 9 ta isa har da saura. In kuma ɗan'uwa ne zai aiko maka daga Amurka, gaya masa tun da wuri cewa wutarmu bolt 230 ce, tasu 120. Na'urar can in ka jona ta kai tsaye a soket ɗin Gana, ƙauri kawai za ka ji.

Amma kuskuren da ya fi ba ni takaici, don ni ma na tafka shi, shi ne gudun ruwa. Hankali yana ba mutum cewa in famfon ya fi ƙarfi, ruwa zai fi zagayawa, aiki zai fi sauri. Akasin haka ne. Kowace ƙwayar gansakuka sai ta ɗan jima a gaban hasken kafin ya yi mata illa, kamar dai nama a kan tukuba: in ka wuce da shi ta saman garwashi da gudu, ko ɗumi ba zai yi ba. Na haɗa fitilata da babban famfo, kwana goma ruwan yana nan yadda yake, har na fara zargin kayan jabu aka sayar mini. Da na rage bakin famfon ruwan ya koma fita a hankali, rana ta huɗu na hango dutsen da ke ƙasan tankin. Kowace na'ura akwai adadin litar da ya kamata ta ratsa ta cikin awa ɗaya a rubuce a kwalinta. Kada ka wuce shi. Ka kuma sa ta bayan matata, ruwan da aka riga aka tace ya shiga cikinta, don laka da kashin kifi suna tare haske.

A bar ta kunne dare da rana har ruwan ya washe, galibi kwana uku zuwa bakwai. Wasu don tsoron mita sai su kunna awa biyu su kashe, alhali wat 9 a yini guda bai kai rubu'in yunit ɗaya ba. Yawan kunnawa da kashewa ma yana rage wa ƙwan fitilar kwana, dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, kaɗai ya ishe shi wahala.

Tun da an ambaci dumso: gansakuka da rana tana ba ruwa iska, da dare kuwa shaƙa take yi kamar kifin. In ta mutu ta fara ruɓewa, ruɓewar ma iskar take ci, ga shi ruwa mai ɗumi irin na ƙasarmu dama ba ya riƙe iska da yawa. Shi ya sa ranakun da ruwan ke washewa su ne mafi hatsari. In aka ɗauke wuta cikin dare, da asuba sai ka tarar da kifi a sama yana haki. Sa audugar tacewa mai laushi a cikin matata kana canza ta, ka sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan bayan kwana biyu ko uku, kuma ƙaramin famfon iska mai batir ba almubazzaranci ba ne. Ruwan famfon Kumasi, na madatsar Barekese ne ko ta Owabi, akwai kulorin a ciki, sai an ɗiga maganin cire shi kafin a zuba. A leƙa cikin galan ɗin Kufuor, jarkar roba da ake ajiye ruwa, ma, in ya daɗe a rana shi kansa gonar gansakuka ne.

Kada ka taɓa zaro ƙwan ka kunna shi a fili don ka ga ko yana aiki. Ciwon idon da yake jawowa irin na mai walda ne da ya yi aiki ba gilashi: a lokacin ba ka jin komai, sai cikin dare ka farka kamar an zuba maka yashi. Fata ma yana ƙona ta. Cire fulogi kafin ka buɗe. In ƙwan ya fashe akwai zaiba a cikinsa, a buɗe taga, a kwashe da kwali, a nesanta yara.

Ƙwan yana tsufa ba tare da ya nuna ba. Bayan awa 8,000 zuwa 9,000, wato kusan shekara guda a kunne, ɗan shuɗin haskensa yana nan amma ƙarfin kisan ya ragu sosai. Rubuta ranar da ka sa shi a jikin na'urar. Sannan akwai siririn bututun da ke raba ƙwan da ruwa, na kwats ne, wani gilashi na musamman, don gilashin gida yana tare UV-C, saboda haka in ya fashe ba a musanya shi da kowace kwalba. Masu ruwan burtsatse za su ga farin ɓawo yana taruwa a jikinsa, ruwan lemun tsami da ƙyalle mai laushi suna cire shi. Lokacin ba kifi magani a kashe fitilar, tana iya lalata maganin.

Ruwana ya washe, na kashe fitila ina murna, bayan mako uku koren ya dawo. Dalilin a fili yake: tankin yana gefen taga, rana tana dukan sa tun hantsi, kuma mu da muke kusa da tsakiyar duniya yininmu kusan awa 12 ne duk shekara. Ga yara, kowa ya wuce sai ya watsa abinci. Abincin da ya kwanta a ƙasa da kashin kifi su ne takin gansakuka. Na jawo tankin zuwa bangon da rana ba ta kaiwa, na rage kunna fitilar da ke haska tankin daga sama zuwa awa 7 a yini, na ɗora gwangwanin abincin a saman kabad, abin da za su cinye cikin minti biyu kawai nake ba su. Tun daga nan na'urar UV tana cikin kwalinta.

In kana da 'ya'yan kifi da suka ƙyanƙyashe, ɗebi galan guda na koren ruwan ka ajiye a bakin taga kafin ka kunna fitilar. Masu kiwon kifi da gangan suke noma shi, don da shi da ƙananan halittun da ke cinsa ake ciyar da jariran da bakinsu bai isa ɗaukar gari ba.