Yadda Za Ka Gane Kamfanin Da Ke Shirin Barin Tseren Le Mans

Idan kana son sanin kamfanin da zai daɗe a gasar WEC, wato gasar duniya ta tseren motoci na dogon zango, wadda tseren awa 24 na Le Mans a Faransa yake cikinta, ka fara duba halin da uwar kamfanin take ciki kafin ka kalli sakamakon tsere. Audi ta ci Le Mans sau 13, amma ta tattara komatsanta a ƙarshen 2016, lokacin da uwar kamfaninta, Volkswagen, ke fama da badaƙalar maguɗin gwajin hayaƙin motocin dizal. Porsche ta bi sahu a 2017 bayan ta lashe tseren shekara uku a jere, aka bar Toyota ita kaɗai cikin manyan kamfanoni a rukunin ƙoli.

Bayan haka, ka lura da ƙa'idoji, domin a ganina su suka fi yanke hukunci. Da aka ɓullo da sabon rukunin ƙoli mai suna Hypercar a 2021, aka rage tsadar ƙera mota, aka kuma riƙa daidaita ƙarfin inji da nauyi tsakanin motoci, sai Peugeot ta dawo a 2022, Ferrari kuma ta dawo a 2023 da motar 499P bayan shekara 50, ta ci Le Mans a shekarar da ta dawo.

Kada ka gaskata jita-jita sai ka ga jerin sunayen da masu shirya gasar suka fitar. Ka ƙirga motocin kowane kamfani a ciki, ka kuma duba ko manyan direbobinsa sun fara ƙulla yarjejeniya da wasu.