Yadda Ake Amfani da Rigar Katifa Mai Zif Wajen Maganin Kuɗin Cizo

Da zarar bazara ta kankama a Katsina, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40, ba a rasa ganin katifu a jingine da katanga a tsakar gidaje, an fito da su su sha rana saboda kuɗin cizo, wanda wasu ke kira gazunzumi. Bayan kwana biyu ko uku sai cizo ya dawo, a sake fesa magani, a sake shanya, har maigida ya gaji ya yar da katifar da ya kashe kuɗi masu yawa wajen sayenta, ya sayo sabuwa, ita ma cikin 'yan makonni ta kamu. Akwai abin da ke tsare katifa daga wannan asara, wato rigar da ake zura katifa gaba ɗaya a ciki a ja zif a rufe ta ruf, amma amfaninta ya dogara ne ga yadda aka zaɓe ta, da yadda aka sa ta, da kuma haƙurin barin ta a rufe na tsawon lokaci.

Da farko dole a bambanta ta da abubuwan da suka yi kama da ita. Zanin gado ba ya hana komai. Haka ita ma shimfiɗar nan mai roba a gefe, wadda ake sa wa katifar yara saboda fitsari, sama da gefuna kawai take rufewa, ƙasan katifa a buɗe yake. Ledar da sabuwar katifa ke zuwa da ita, wadda gidaje da yawa ke bari a jiki tsawon watanni, tana yagewa da wuri, kuma lanƙwashe-lanƙwashen da ke kusurwoyinta maɓoya ce mai kyau ga ƙwaron, ga gumi da take sa mai kwanciya a lokacin zafi. Rigar da ake nufi a nan tana rufe dukkan fuskoki shida na katifa, sama da ƙasa da gefuna huɗu, ba ta da wata ƙofa sai wurin zif.

Sanin halin ƙwaron shi ke nuna dalilin da ya sa wannan riga take aiki. Babban kuɗin cizo bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, jikinsa a shafe yake kamar takarda idan bai sha jini ba, shi ya sa yake shiga tsagar da ido ba ya kula da ita. Ba ya tashi sama kuma ba ya tsalle, tafiya kawai yake yi, yana bin ɗumin jiki da iskar da mutum ke fitarwa yayin numfashi. Macen kan saka ƙwai ɗaya zuwa biyar a rana, ƙwan fari ne, tsawonsa kamar milimita ɗaya, tana manna shi a cikin ɗinki ko tsaga, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Ɗan da ya fito sai ya yi saɓa sau biyar kafin ya girma, kuma kafin kowace saɓa sai ya sha jini. Saboda haka yake son zama kusa da mai barci, kuma babu wurin da ya fi masa kamar ɗinkin da ya zagaye bakin katifa, da ƙarƙashin tambarin kamfani da ake liƙawa a gefe, da duk inda yadin katifa ya yage soso ya bayyana. Idan aka sa riga aka ja zif, waɗanda ke ciki sun shiga kurkuku, ba su iya fitowa ba su iya cizo ta cikin yadin, har yunwa ta kashe su. Waɗanda ke waje kuwa sun rasa maɓoyarsu mafi kyau, domin rigar sumul take, ba ta da lungu. Akwai kuma wani amfani da ake yawan mantawa da shi: galibin rigunan farare ne, don haka ɗigon baƙin kashin ƙwaron, ko saɓarsa, ko shi kansa, yana bayyana a fili tun kafin ya yi yawa.

Wajen saye, a fara da awo. Katifu a kasuwanninmu ana kiran su da ƙafa, kamar shida da shida, ko huɗu da rabi da shida, ko uku da shida irin ta ɗalibai, amma kauri shi ne abin da mutane ke kuskurewa. Katifa mai kaurin inci 6 da mai inci 12 ba za su sa riga ɗaya ba. A ɗauki tef a auna tsawo da faɗi da kauri kafin a fita daga gida. Idan rigar ta yi yawa za ta yi tattara, kuma cikin tattarar ƙwaron zai samu wurin laɓewa. Idan ta matse, ɗinki ko zif zai buɗe tun a makon farko. Yadin ya kasance mai saƙa a matse, wanda bakin ƙwaro ba ya huda shi. Nagartattun ana yin su ne da yadi mai ɗan miƙewa, da wata siririyar shimfiɗa ta roba a ciki wadda ke hana ruwa shiga amma iska na ratsawa. A yanayin Katsina wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rigar leda zalla, ko da ta fi araha, ba wanda zai jure kwanciya a kanta a watan Afrilu ba wuta ba fanka, kuma rigar da aka cire saboda zafi ta tashi daga aiki.

Zif shi ne inda ya kamata mai saye ya fi daɗewa yana dubawa. Ɗan kuɗin cizo da ya fito daga ƙwai bai fi milimita ɗaya da rabi ba, kuma launinsa fari-fari ne har sai ya sha jini, saboda haka zif mai manyan haƙora irin na jaka tamkar ƙofa ce a gare shi. A nemi mai ƙananan haƙora da ke haɗuwa sosai. Sannan a ja shi har ƙarshe a duba wurin da kan zif ya tsaya, domin a nan ake samun ɗan gibi ko da a riguna masu tsada. Masu inganci suna da wani ɗan marfi ko maɗauri da ke danne kan zif don kada ya ja baya. Idan an rubuta a jikin kwalin cewa an yi rigar ne don ƙura ko don hana ruwa kawai, wannan bai isa shaida cewa tana tsare kuɗin cizo ba.

Ba kowane shago ke sayar da irin wannan riga ba, kuma wadda ake yin oda ta intanet kan yi tsada. Tela mai hankali zai iya ɗinka ta, kuma a ganina wannan ya fi zama babu, muddin an yi masa bayani sosai. A zaɓi farin yadi mai kauri da saƙa a matse, wanda idan aka ɗaga shi ga rana haske ba ya ratsawa ta ƙananan ramuka. A ce masa ya yi ɗinki biyu a kowace gaɓa, ya mayar da bakin ɗinkin ciki, kada ya yi wani ado ko ƙari a waje, ya sa ƙaramin zif, ya kuma ɗinka wani ƙyalle a bayan zif ɗin daga farko har ƙarshe. Bayan an sa ta, a liƙe ƙarshen zif da salatif mai ƙarfi, a riƙa sabunta shi idan ya fara ɗagowa. Ba za ta kai ta kamfani ba, amma za ta rage maɓoya ƙwarai.

Ranar da za a sa rigar, a cire zanin gado da rigunan filo da bargo a hankali, kada a kakkaɓe su a cikin ɗaki, a zuba su a babbar leda a ɗaure baki kafin a fita da su, don kada ƙwaron ya zube a hanya ya shiga wani ɗakin. A wanke su da ruwa mai zafin digiri 60 ko fiye, a shanya, a bi su da dutsen guga musamman a kan ɗinki. Zafin da ya kai digiri 50 yana kashe ƙwaron da ƙwansa, amma sai zafin ya isa inda yake. A nan ne shanya katifa ke gazawa: saman ya yi zafi har ba ya taɓuwa, amma soso ba ya barin zafi ya ratsa, sai ƙwaron ya gangara gefen da ke inuwa ya jira dare. Katifar kuma a goge ɗinkinta da burushi mai ƙarfi a tsakar gida, a share abin da ya zubo a zuba masa tafasasshen ruwa. Idan an shanya ta ko an goge ta da ruwa, a tabbata ta bushe ƙarau, domin katifa mai laima idan aka rufe ta za ta yi fumfuna da wari.

Sa rigar aikin mutum biyu ne. A tsayar da katifar a tsaye, a zura rigar daga sama kamar yadda ake sa wa filo riga, ana jan ta ƙasa a hankali daga gefe biyu, ba tare da fizga ba. A daidaita kusurwoyi, a ja zif har ƙarshe, a danne shi. Kafin a mayar da ita kan gado, a shafa hannu a kan katako ko ƙarfen gadon a nemi kan ƙusa ko tsinin da zai iya huda yadi, a buga shi ya shige ko a naɗe shi da ƙyalle. A rubuta ranar da aka sa ta da biro a gefen rigar.

Wannan kwanan wata yana da muhimmanci, domin kuɗin cizo na iya yin watanni bai sha jini ba, kuma a lokacin hunturu, da jikinsa ke rage aiki, ya fi daɗewa. Shawarar da masana suka tsaya a kai ita ce a bar rigar a rufe shekara guda cur, ba a buɗe zif ko sau ɗaya ba. Uwargida mai son tsafta za ta so ta cire ta ta wanke idan ta yi datti, ko lokacin gyaran ɗaki na Sallah, amma yin haka sakin fursuna ne. Abin da za a yi shi ne a shimfiɗa zanin gado a kai kamar kullum, shi za a riƙa wankewa duk mako, rigar kuwa a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu a inda take. Duk lokacin da aka canja zani a duba kusurwoyi da layin zif. Ƙaramar huda a liƙe ta nan take. Idan yagewar babba ce, a sa wata rigar a kan ta farko maimakon a cire.

Sai dai rigar ba ta kashe ƙwaron da ke wajen katifa, kuma wanda ya sa ta ya kwanta yana zaton ya gama zai ci gaba da shan cizo. Kuɗin cizo yana zama a gaɓoɓin gado, da bayan fuskar gado, musamman irin masu ado da soso da ake yi wa amare, da tsagar bango, da ƙarƙashin ledar ɗaki ko kafet, da kujerun kushin, da bayan hotuna da labule. A kwance gadon a fito da shi, a kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓinsa, a toshe tsagogin katako da na bango. Idan aka mayar da shi, a ja shi ya bar jikin bango da kamar tafin hannu ɗaya, kada zani ko bargo ya taɓa ƙasa. A sa kowace ƙafar gado a cikin ƙaramar roba mai santsi a ciki, domin ƙwaron yana shan wahalar hawa wuri mai santsi sosai, kuma abin da aka gani a ciki da safe yana nuna ko har yanzu akwai saura. Gidan sauro ma a duba ɗinkin samansa da kusurwoyinsa, kuma kada gefensa ya jingina da bango ya zama gada. Masu kwana da katifa a ƙasa aikinsu ya fi wuya, tunda babu ƙafar gado da za a tsare. Su shimfiɗa tabarma mai laushi a ƙarƙashi don siminti kada ya cinye rigar, su riƙa ɗaga katifar suna sharewa, kuma idan da hali su ɗora ta a kan gadon ƙarfe, wanda bai kai na katako yawan maɓoya ba.

Game da magani, kuɗin cizo a ƙasashe da dama ya riga ya saba da yawancin magungunan feshi na gida, wannan ne ma ya sa ya dawo da ƙarfi a duniya tun ƙarshen shekarun 1990 bayan an kusa kawar da shi a Turai da Amurka. Wannan ke tura mutane zuwa ga fiya-fiya, da kalanzir, da fetur, har da ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu. Kada a zuba ko ɗaya daga cikinsu a kan katifa, balle a rufe shi cikin riga mutum ya kwana yana shaƙa. Ƙwayar hatsi tana fitar da iska mai guba da ke kashe mutum a ɗakin da yake barci, har da na ɗakin da ke maƙwabtaka, kalanzir da fetur kuwa gobara ce. Idan ƙwaron ya bazu ɗakuna da yawa, a kira ƙwararren mai feshi, a fitar da yara da abinci, a kuma nemi ya dawo bayan kamar mako biyu saboda ƙwan da bai mutu ba a karon farko.

Mafi sauƙin lokacin sa rigar shi ne kafin a ga ƙwaro ko ɗaya. Katifar amarya a sa mata tun ranar jere. Ɗalibin da zai tafi makarantar kwana a ɗinka wa katifarsa riga kafin ya tafi, idan ya dawo hutu kuma a tsayar da katifar da akwatinsa a tsakar gida, a duba su, a wanke tufafinsa da ruwan zafi kafin su shiga ɗaki. Katifa ko kujera ta hannu da aka sayo, da tufafin gwanjo, su ma haka za a yi musu. Wanda ya sauka a masauki yayin tafiya ya ɗaga zanin gado ya duba ɗinkin katifa da fitilar waya, ya kuma ajiye jakarsa nesa da gado, domin a cikin jaka ne ƙwaron ya fi yawan biyo mutum gida.